Sarrafa na'urorin daidaita ƙarfin wutar lantarki a lokacin tangarɗa

Tangarɗar ƙarfin wuta ita ce kaucewar wutar lantarki daga ma'aunin da aka ƙayyade mata, wanda a gidajen Najeriya bolt 230 ne, mai zagaye 50 a daƙiƙa ɗaya (wato wutar na kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa). Wadda ta fi aukuwa ita ce faɗuwar ɗan lokaci, kuma ƙa'idar IEEE 1159, ta ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE, ta bayyana ta da saukar ƙarfi zuwa tsakanin kashi 10 da kashi 90 cikin ɗari, daga rabin zagaye har zuwa minti ɗaya.

A Kano wuta na shigowa tashar Kumbotso da ƙarfin kilobolt 330, taransifomomi su yi ta rage ta kafin ta isa unguwanni da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa. Idan iskar farkon damina ta haɗa wayoyi biyu, ko aka tayar da babban inji, wanda kan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a cikin aiki, sai ƙwai ya dushe, fanka ta yi sanyi, mutane su ce wuta ta yi ƙasa. Illar ta fi yadda ido ke gani, domin injin da ya samu kashi 80 na wutarsa, ƙarfin juyinsa kan koma kashi 64.

Sitabilaizar gida tana gyara ta hanyar sauya matakan taransifomar cikinta, shi ne ƙarar nan “ƙas-ƙas” da ake ji, amma ba ta da saurin tarar faɗuwar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wannan aikin na'urar DVR ne (Dynamic Voltage Restorer, wato mai maido da ƙarfin wuta nan take), wadda ake ɗaurawa a kan layi don ta cike giɓin da ya samu.

Sarrafa ta shi ne wurin da gizo ke saƙa. Dole ta gane faɗuwar cikin ƙasa da rabin zagaye, wato kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, sannan ta zaɓi hanya: ko ta mayar da wutar yadda take kafin tangarɗa, girma da kusurwa (wato daidaiton lokacin zagayenta), abin da ke saurin cinye wutar da na'urar ta ajiye, ko ta gyara girman kaɗai, wanda ya fi sauƙi amma yana iya girgiza na'urori masu laushi. Idan kuwa matsalar a ɓangaren mai amfani take, wajibi ne a kewaye na'urar nan take, don kada wutar da ta yi ambaliya ta ƙone ta.