Kafin Ka Ba Kamfanin Manhaja Kwangila: Tambayoyin 'Yan Kasuwa da Amsoshinsu

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da har mai shayi da mai rake suka koma karɓar tiransifa, 'yan kasuwa da dama suka gane cewa littafin lissafi mai bangon kwali ba zai ci gaba da riƙe musu dukiya shi kaɗai ba. Sai ka ji Alhaji yana cigiyar "yaran nan masu haɗa manhaja." Ga tambayoyin da na fi ji daga bakin masu shaguna da sito-sito da makarantun kuɗi, da abin da nake ce musu.

Malam, shagona uku a Kantin Kwari da sito ɗaya. Dole sai an haɗa mini manhaja tawa ta kaina?

Sau da yawa ba dole ba ne, Alhaji. In dai buƙatarka ita ce ka san abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda kake bi bashi, akwai manhajoji ɗinkakku da aka daɗe ana amfani da su, irin su Odoo da ERPNext da QuickBooks. ERPNext ma kyauta ce, wanda zai saita maka ita kawai za ka biya. Dubban kamfanoni sun riga ka cin karo da kurakuransu, an gyara.

Inda ake zuwa wurin tela shi ne idan kasuwancinka yana da siffar da rigar kanti ba ta shigarsa. Kaya su zo a dila, a fasa a sayar turmi-turmi, a ba abokin ciniki na Maraɗi kaya ya tafi sai ya sayar ya aiko da kuɗi kashi-kashi, a cire wa dillali la'adarsa, farashin safe ya bambanta da na yamma saboda dala ta motsa. Ko a nan ɗin, gyara ɗinkakkiya ta dace da kai ya fi sauƙi a kan farawa daga tushe. Kamfanin da ya dube ka ya ce "wannan aikin bai kai a gina sabuwar manhaja ba," alhali yana ganin kuɗi a hannunka, to riƙe lambarsa da kyau.

Kowa da kwamfutarsa a jaka yana cewa shi kamfani ne. Ta ina zan gane na gaske?

Fara da abu mai sauƙi. Karɓi lambar rajistarsu, ka shiga shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ka bincika sunan. Kyauta ne, minti biyu ya isa. In a Nijar suke, nemi lambar RCCM, wato ta rajistar kasuwanci, da ta NIF, wato ta haraji. Sannan asusun da za ka tura kuɗi ya zama da sunan kamfanin, ba da sunan wani mutum ba. Sai dai rajista ba ta nuna gwaninta, tana nuna maka wanda za ka kai ƙara ne kawai.

Gwaninta kuwa gani ya kori ji. Kada ka yarda da hotunan da za su haska maka a ofis. Zanen manhaja mai kyau ana yin sa cikin yini ɗaya ba tare da komai na aiki a bayansa ba. Ce su ba ka sunan wurare biyu ko uku da manhajarsu ta shekara tana aiki. Ka je da ƙafarka, ba tare da su ba, kuma kada ka tsaya wurin maigida. Je wurin yaron da ke zaune gaban kwamfutar daga safe zuwa magariba, ka tambaye shi: ranar da ta tsaya, wa kuka kira, ya ɗauka, kwana nawa kafin a gyara? In ka hango littafi a ɓoye ƙarƙashin kanta wanda suke rubuta ainihin cinikin a ciki, ka samu amsarka.

Tambaya ɗaya kuma da mutane ke jin nauyin yi: wa zai rubuta manhajar da hannunsa? Mai bakin da ya zo cinikin ba lallai shi ne mai aikin ba. Akwai masu karɓar kwangila su miƙa wa wani a Legas ko Indiya su ci riba a tsakiya. Wannan ba haramun ba ne, amma haƙƙinka ne ka sani.

Ɗan yayana ya gama digirin kwamfuta. Me zai hana in ba shi, kuɗin ya tsaya a gida?

Ba shi ƙaramin aiki, kamar shafin tallan kaya. Amma abin da lissafin dukiyarka zai hau kansa, a'a. Ba don bai iya ba. Cikin yaran nan akwai waɗanda suka fi manyan kamfanoni hannu. Matsalar ita ce mutum ɗaya ne. Zai tafi bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, kuma ba ka isa ka matsa masa ba tare da maganar ta isa kunnen mahaifiyarsa ba. Inda zai fi maka amfani shi ne ka ɗauke shi ya zama idonka, ya zauna a duk zaman da za ka yi da kamfanin.

A zaman farko, me zan lura da shi?

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wanda ya yanka maka farashi kafin ya ga yadda kake aiki, cinikin biri a sama kuke yi. Na kirki zai nemi ya zo shagon, a ba shi benci, ya wuni yana kallon yadda ake rubuta rasit, yadda ake aika yaro sito, da abin da ake yi idan an dawo da kaya. Zai dame ka da tambayoyi har ka fara ƙosawa.

Kai ma ka jefa masa naka. Idan sabis ya ɗauke, ciniki zai tsaya ne ko manhajar za ta ci gaba da aiki ta tura bayanan daga baya? Wannan ba tambayar wasa ba ce ga wanda ya tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, daga baya har da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar shigar da ciniki fa? Za ta buɗe a ƙaramar Itel ko tsohuwar Tecno da ke hannun yaranka, ko sai a babbar wayar da shi yake riƙe da ita? Sannan wani ɗan gwaji da nake so: sa su rubuta sunan Ɗanladi da Ƙasimu, su buga rasit ka ga ko ɗ da ƙ sun fito ko sun zama alamar tambaya, sannan a nemo Danladi ba ƙugiya a ga ko zai bayyana. Ƙaramin abu ne, amma ranar da mutum ɗaya ya zama mutum biyu a jerin masu bashi za ka san girmansa.

Kamfani uku sun kawo farashi, na ɗaya ya ninka na wani kusan sau goma. Wa ke son cutata?

Mai yiwuwa babu ko ɗaya. Kowa abin da ya fahimta ya yi wa kuɗi: wani ɗaki ciki da falo ya hango, wani bene. Maganin shi ne ka rubuta buƙatarka a takarda ɗaya, ko da Hausa ce, ka ba su duka iri ɗaya: mutum nawa za su yi amfani da ita, wa ke da ikon sauya farashi, wa ke da ikon yafe bashi, wane rahoto kake son gani kowace yamma. Daga nan ne farashi ke kwatantuwa.

Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Abin da ya fi kama mutane shi ne kuɗin da ba a faɗa ba. Manhaja ba gini ba ce da za a gama a miƙa makulli; ta fi kama da mota, tana cin mai tana neman bakanike. Akwai kuɗin hayar saba, wato kwamfutar da ke kan intanet inda bayananka ke zaune, kuɗin sabunta adireshin shafi duk shekara, kuɗin saƙon tes, da kason da Paystack ko Flutterwave ke cira in za ka karɓi kuɗi ta intanet. Sanya manhaja a Play Store na buƙatar dala 25 sau ɗaya, Apple kuwa dala 99 duk shekara. Yawancin manyan masu ba da hayar saba da dala suke lissafi. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya sa hannu a yarjejeniya bai tambayi wa zai ɗauki wannan bambancin ba, ya ji a jikinsa. Ce su rubuta maka abin da za ka kashe a shekara ta biyu da ta uku, ba na ranar buɗewa kaɗai ba.

Sun ce in ba da kashi 70 kafin su fara.

Ko magini ba ka yi masa haka. Ka ba da kafin alƙalami daidai gwargwado, sauran kuma mataki-mataki, kamar yadda ake biyan tushe, linta, rufi. Kowane mataki ya zama abin da za ka taɓa da hannunka: yau ana iya shigar da kaya, nan da mako uku ana iya buga rasit. Kada ka biya kan "mun kai kashi 80," domin a wannan sana'ar ɗan ragowar nan shi ke cinye wata shida. Ka riƙe wani kaso sai manhajar ta yi wata ɗaya ko biyu tana aiki a shagon.

Kuma a rubuta. Na san za ka ce yaron ɗan mutunci ne, kun san mahaifinsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayanin istisna'i, wato cinikin abin da za a ƙera maka, sun shardanta a fayyace siffarsa da farashinsa tun farko. Kai ma ka sani duk "ɗan ƙara mini kaza" da ka faɗa a waya aiki ne, yana da kuɗi yana da lokaci. Rabin jinkirin da ake ɗora wa kamfanoni daga bakin masu aikin yake fitowa.

Na biya kuɗina cif. Ai manhajar tawa ce ko?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma da za ka manta duk abin da na faɗa ka riƙe wannan, da na gode. Biyan kuɗi kaɗai ba ya mallaka maka ita. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, asalin haƙƙin yana hannun wanda ya ƙirƙiri abu sai in an yi yarjejeniyar saɓanin haka, kuma miƙa shi ga wani sai a rubuce.

Na taɓa zama da wani mai makaranta da suka saɓa da kamfanin da ya yi masa manhaja, kan ƙarin kuɗin shekara. Ana saura kwana huɗu a raba sakamakon jarrabawa, shafin ya ƙi buɗewa. Da muka duba, adireshin shafin da imel ɗin shugaban kamfanin aka yi rajistarsa, sabar tasu ce, makin ɗalibai na shekaru yana can, shi kuma ko kwafi ɗaya ba shi da shi. Yana juya hularsa a hannu yana cewa, "Amma fa na biya, ga rasit." Ya biya ƙarin a daren. Ba shi da zaɓi.

Makullan guda biyar ne, kuma tun ranar farko ake karɓarsu, lokacin da ake dariya da juna. Adireshin shafi, ko .com ne ko .com.ng da ke ƙarƙashin NiRA, ƙungiyar da ke kula da adireshin .ng na Najeriya, da sunanka da imel ɗinka. Asusun saba naka, kai ka ba su izinin shiga. Asusun Play Store da na Apple da sunan kamfaninka. Play Store da Apple za su nemi lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani ta duniya, ana samunta kyauta amma tana ɗaukar kwanaki, don haka a nema da wuri. Asusun karɓar kuɗi naka, yana zubawa a bankinka. Sai asalin rubutun manhajar, wanda suke kira kod: a ajiye shi a GitHub, wato shafin ajiyar kod, ko makamancinsa cikin asusun da kai ka mallaka, ana zuba sabo duk mako, ba sai an gama ba. Ƙara da sharaɗin cewa duk ranar da ka so za ka iya sauke bayananka kaf a Excel. Kamfanin da ya yi ta kwana-kwana kan waɗannan, ba da aikinsa yake shirin riƙe ka ba.

Lambobin waya da bayanan abokan cinikina fa?

Amana ce a wuyanka, ba a wuyan kamfanin kaɗai ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta kafa hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, kuma ta ce idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tara tana iya kai naira miliyan 2 ga ƙananan masu riƙe bayanai, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara in ya fi haka yawa. Tambaye su wa ke iya leƙa bayanan a cikinsu, kuma sau nawa ake ajiye kwafi. In sun ce kullum, ce su dawo da na jiya a gabanka.

In an gama, shi ke nan in jefar da littafi in yarda da abin da kwamfuta ta ce?

Kada ka yi gaggawa. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon a 1999, ƙirar kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi. Daga 1999 zuwa 2015 an hukunta masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun tsiyace suna cike giɓin daga aljihunsu. Sai a 2024 majalisa ta yi dokar da ta wanke su jimla.

Ka kawo wannan shagonka. Ranar da allo ya nuna turmi arba'in sun ɓata, idonka kan yaron sito zai fara sauka, yaron da wataƙila ya shekara goma yana buɗe maka ƙofa da asuba. Saboda haka tun a yarjejeniya ka nemi manhajar ta riƙa ajiye tarihin kowane motsi: wa ya shigar, wa ya gyara, ƙarfe nawa, me ke wurin kafin gyaran, kuma kada kowa ya iya goge wannan tarihin, har su masu kamfanin. A watanni biyun farko littafi da kwamfuta su tafi tare. Duk ranar Alhamis bayan la'asar a zaɓi kaya iri biyar, a shiga sito a ƙirga da hannu, a gwada da abin da ke allo.