Duwatsun ƙanƙara na bayan Neftun: da me ake rarrabe su?

Tambayoyin nan daga ɗalibai 'yan uwa da ke Madina da Jidda suka fito.

Tunda ko a babban madubin hangen nesa ɗigon haske ne kawai, ta yaya ake kasa su?

Hanyar da kowanne ke bi wajen zagaya rana ake dubawa, kuma Neftun, duniya ta takwas daga rana, ita ce alƙali. Ma'aunin shi ne nisan duniyarmu da rana, wajen kilomita miliyan 150. Nisan Neftun da rana ninki 30 ne na wannan, zoben Kuiper kuma, wato yankin da yawancin duwatsun nan da aka sani suke, daga ninki 30 ne zuwa 50. A cikinsa akwai waɗanda tafiyarsu ta ƙullu da ta Neftun: kafin Fuluto, ɗaya daga cikinsu, ta zagaya rana sau biyu, Neftun ta yi uku, shi ya sa ba sa taɓa gamuwa. Akwai masu zaman lafiya tsakanin ninki 42 da 48, hanyarsu kusan da'ira. David Jewitt da Jane Luu suka gano na farkonsu a 1992. Sai waɗanda Neftun ta yi wurgi da su nesa, irin Eris. Wata mai suna Sedna kuwa ba ta matso rana ƙasa da ninki 76, Neftun ba ta da iko da ita.

Ina kuskure ke shigowa?

Gaggawa. Fuluto sai ta shekara 248 kafin ta kammala zagaye ɗaya, don haka kallon 'yan watanni ba ya isa a yanke hukunci. Sai an bi abu shekaru, sannan a sa kwamfuta ta lissafa tafiyarsa ta miliyoyin shekaru. Girma ma yana ruɗi, domin ƙaramin dutse mai farar ƙanƙara na iya haske daidai da ƙato mai duhu. An daɗe ana zaton Eris ta fi Fuluto faɗi, sai da ta gitta gaban wani tauraro a 2010 aka samu kilomita 2,326. Kumbon New Horizons ya auna Fuluto a 2015, kusan 2,377.

Me ya sa aka cire Fuluto daga manyan duniyoyi?

A taron masana falaki na duniya a Prague, 2006, an gindaya sharaɗi uku: zagaya rana, dunƙulewa saboda nauyi, da share hanya, wato kawar da sauran duwatsu daga hanyar zagayenta. Na ukun ne ya kayar da ita.

Za a iya ganinta daga Saudiyya?

Da ido, a'a. Nemi madubi mai faɗin santimita 25 zuwa 30, ka fita sahara nesa da fitilun Jidda a daren da babu wata. Ɗauki hoto, ka sake bayan kwana biyu, ka nemi ɗigon da ya gusa.