Kula da kuskure a manhajar QEMU

QEMU manhaja ce da ke kwaikwayon kwamfuta sukutum a cikin wata kwamfutar. Bafaranshe Fabrice Bellard ne ya fara fitar da ita a 2003, kuma da harshen C aka rubuta mafi yawanta. Kwamfutar gaske ita ce mai masauki, wadda ake kwaikwaya kuwa baƙo. Duk lokacin da wani abu ya lalace, tambayar farko ita ce: daga ina laifin ya fito?

In baƙo ne ya yi ba daidai ba, misali ya aika wa katin sadarwa na kwaikwayo umarnin da ba shi da ma'ana, bai kamata QEMU ta mutu ba. Ana rubuta abin da ya faru ta qemu_log_mask da alamar LOG_GUEST_ERROR, aiki ya ci gaba. Ba a yarda da baƙo ido rufe, kuma da dalili: a 2015 an gano ɓarakar VENOM a sashen kwaikwayon faifan fulofi, wadda za ta iya ba baƙo damar kutsawa cikin mai masauki.

Harshen C ba shi da hanyar jefa kuskure sama, don haka ake miƙa wa kowane aiki da ka iya gazawa wani ma'aji mai suna errp. Aikin sai ya zuba bayanin a ciki ta error_setg, ya koma. Hukunci yana hannun wanda ya kira shi. In ya miƙa error_fatal, za a nuna saƙon a fita. In error_abort ne, manhajar ta tsaya nan take, domin wannan na kuskuren mai rubuta manhajar ne da bai kamata ya taɓa faruwa ba.

Amfanin wannan tsari ya fi fitowa wajen ƙara na'ura. Rashin samun fayil ɗin faifai lokacin tayar da baƙo, fita ta wadatar. Amma aikin buɗe fayil ɗin nan dai shi ake kira idan aka aiko da umarnin ƙara faifai na blockdev-add ta QMP, wato hanyar da wasu manhajoji ke aika wa QEMU umarni, alhali baƙo na tsakiyar aiki. A nan fita ɓarna ce babba: rumbun bayanai da ke gudana a cikin baƙon zai tafi saboda kuskuren harafi ɗaya a sunan fayil. Abin da ya dace shi ne kuskuren ya koma ga wanda ya aiko, kamar libvirt, manhajar da ake sarrafa QEMU da ita, baƙo bai ma sani ba.

Shi kansa saƙon gajere ake so, babu aya a ƙarshe, babu sabon layi. Shawarar gyara kuwa ana ƙara ta daban ta error_append_hint.