Ɗaukar Hoton Shimfiɗar Ƙasa da Halittu

Ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa reshe ne na fasahar hoto da ya shafi duwatsu, koguna, dazuzzuka, hamada, teku da sararin sama, tare da tsirrai da dabbobin da ke cikinsu. Reshen ya tsufa kusan kamar kyamarar kanta. Hotunan da Carleton Watkins ya ɗauka a kwarin Yosemite na Amurka a 1861 suna cikin abin da ya ja hankalin 'yan majalisa, har Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu kan dokar kare wurin a 1864. Haka hotunan William Henry Jackson na yankin Yellowstone na Amurka a 1871 suka taimaka wajen mayar da shi gandun ƙasa a 1872.

Ginshiƙin wannan sana'a haske ne, kuma mai hoto ba shi da iko a kansa, sai dai ya san lokacinsa ya jira. Da tsakar rana haske daga sama yake saukowa, inuwa ta taƙaita, launi ya koɗe, dutse da fili su zama kamar abu ɗaya. Amma jim kaɗan bayan fitowar rana, ko gab da faɗuwarta, hasken a kwance yake zuwa, ya ratsa iska mai yawa kafin ya iso, shuɗinsa ya watse, ja da ruwan ɗorawa su rage. A duba tudun yashi: da azahar fari ne fat ba tsari, da sassafe kuwa kowane zanen da iska ta yi a kansa sai ya fito da siririyar inuwarsa. Ranar da gajimare ya rufe sama ba ranar zama a gida ba ce, domin hasken nan mai laushi shi ya fi dacewa da cikin kurmi, furanni da magangarar ruwa.

Matsalar da ta daɗe tana damun masu hoto ita ce ido yana ganin sama mai haske da ƙasa mai duhu lokaci guda, kyamara kuwa sau da yawa ba ta iya haɗa su. Masu ɗaukar hoto na Amurka Ansel Adams da Fred Archer sun tsara hanyar raba haske zuwa matakai 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari tas, don mai hoto ya yanke shawara kafin ya danna. A yau ana duba jadawalin haske a fuskar kyamara, a ɗauka a tsarin RAW (wanda ke adana ɗanyen bayanin hoto don gyara daga baya), ko a ɗauki hoto uku masu bambancin haske a haɗa su a kwamfuta.

Don komai ya fito sarai daga gaba har nesa, ana rage ƙofar haske ta lensi zuwa f/8 ko f/11 (ƙofar na ƙara matsewa idan lambar ta ƙaru), a bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100, a ɗora kyamara kan matsayi mai ƙafa uku. Matse ƙofar har f/22 yakan rage kaifin hoto. Gilashin da ke tace ƙyalli yana ƙara wa sama shuɗi, ya kawar da sheƙi daga ganye da ruwa, kuma ya fi aiki idan rana tana gefen mai hoto. Buɗe kyamara na rabin daƙiƙa ko fiye yana mayar da ruwa mai gudu sumul kamar zaren alharini.

Wajen tsara hoto, kada layin da ƙasa ta haɗu da sama ya karkace, kuma a sami wani abu a kusa, ko dutse ko reshe, da zai ja ido zuwa ciki. Ƙa'idar raba hoto gida uku a tsaye da kwance, a ajiye muhimmin abu kan layukan, tana taimakon mai koyo, amma ba doka ba ce.

Dabbobi kuwa sauri suke buƙata. Tsuntsu a sama yana son buɗe kyamara na 1/1000 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, da doguwar lensi ta milimita 300 zuwa sama, a kuma daidaita kaifi a kan idonsa. Amfanin doguwar lensi bai tsaya a kyan hoto ba: tsuntsuwar da aka matsa wa sheƙa tana iya barin ƙwanta, kuma babu hoton da ya cancanci haka. A Yellowstone doka ta hana kusantar beyar da kyarkeci ƙasa da yadi 100, sauran manyan dabbobi kuma yadi 25.