Me ya sa sai da takardar likita ake ba da diazepam?

Mutane da yawa in sun je kemis aka ce ba za a sayar musu da diazepam (maganin kwantar da hankali da sa barci) ba sai sun kawo takardar likita sai su ɗauka wulaƙanci ne kawai, alhali abin yana da tushe, doka ce ta duniya da aka sa wa hannu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ran 21 ga Fabrairu 1971, ta fara aiki a 1976. Yarjejeniya ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, kusan duk ƙasashe sun shiga, kowace sai ta zuba ta cikin nata dokokin.

An kasa magungunan gida huɗu, ana duba haɗarin kamuwa da su da kuma amfaninsu a asibiti. Gida na ɗaya ƙwayoyin maye ne irin su LSD da MDMA, waɗannan kam an kulle su, sai bincike da ɗan abin da ba a rasa ba. Na biyu akwai amphetamine da methylphenidate wanda ake ba masu matsalar rashin nutsuwa. Na uku su buprenorphine da pentazocine. Na huɗu shi ya fi shafar marasa lafiya, nan su diazepam da phenobarbital suke, su diazepam ɗin ma sai a 1984 aka shigar da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar wanda za a saka, hukumar kula da ƙwayoyi ta Majalisar ta yanke.

To me dokar ke nema? Daga gida na biyu zuwa na huɗu sai da takardar likita, mai sayarwa ya kasance yana da lasisi, masu haɗawa da dillalai su ajiye lissafin abin da ya shiga ya fita aƙalla shekara biyu, kuma a hana tallarsu ga jama'a. Matafiyi ƙasa na iya barinsa ya riƙe kaɗan don kansa, amma fa tana da ikon tabbatar da cewa ta halastacciyar hanya ya samo, shi ya sa yana da kyau takardarka tana aljihu.

Abin da na fi so a gane shi ne ba duk maganin taɓin hankali ke cikin jerin nan ba. Fluoxetine da amitriptyline na ciwon damuwa ba sa ciki, haloperidol da lithium ma haka, don ba su da irin jan nan da ke sa mutum ya dinga nema yana ƙara yawa. Wannan ba ya nufin a saye su kai tsaye, ƙasashe na da nasu dokar takarda a kansu, kuma daina su lokaci guda ba tare da likita ba na iya dawo da ciwon ko ya wahalar da jiki. Amma masu cewa duk wanda aka ɗora a maganin ƙwaƙwalwa ya zama ɗan ƙwaya, gaskiya ba su karanta ba.

Kuma gabatarwar yarjejeniyar da kanta ta ce magungunan nan ba makawa a asibiti, kar a matsa har mara lafiya ya rasa. Mai farfaɗiyar da ya rasa phenobarbital saboda masu kemis na tsoron hukuma, shi ma an saɓa wa manufar dokar a kansa.