A daina tone kututture a gangaren dutse

Ƴan'uwana mazauna garuruwan gindin dutse, tun daga ƙauyukan Damagaram Takaya har tsaunukan Kutus da Muniyo a wajen Gure, kukan da kuke kawo mana mu malaman gona bayan kowace damina iri ɗaya ne: ruwa ya gangaro daga tudu ya tsaga gona biyu, ya binne hatsi da yashi, ya cike rijiya, wani lokaci har ya shiga gari ya kayar da katanga. Idan muka hau tudun domin mu ga inda ruwan ya taso, ramuka muke tararwa, inda aka tone kututturen geza da sabara da kalgo har saiwa.

Wannan tonon kututture ya ishe ni, kuma ba zan ɓoye muku ba. Wanda ya sari reshe, itacen zai sake toho kafin shekara ta zagayo, amma wanda ya sa diga ya ƙwaƙulo saiwa ya kashe shi ke nan, kuma ya buɗe wa ruwa hanya zuwa gonarsa da ta maƙwabcinsa. Ruwan da Allah yake ba mu a nan bai fi kimanin milimita 400 a shekara ba, cikin wata uku yake zuba, sau da yawa da ƙarfi, kuma a gangare saiwa ce take riƙe ƙasa har ruwan ya samu ya nutse.

Na san dalilinku. Kututture ya fi daɗewa a wuta, masu gasa nama da masu tuwon sayarwa a birnin Damagaram suna sonsa, kuma idan bazara ta yi, rumbu ya yi ƙasa, amalanke guda ta itace tana kawo tiyoyin hatsin da za a rufa asiri. Ban raina wannan ba. Sai dai magidancin da ya sayi tiya biyar da kututture, shi ne yake rasa damma masu yawa idan kwari ya ratsa gonarsa, kuma kwari ba ya komawa baya. Har anza, wadda iyayenmu suka jiƙa suka ci a yunwar 1984, na ga an tone ta an ɗaure a kaya. Haba jama'a!

Ku je Mirya da Magarya da Matamai ku ga gawo a tsaye cikin gonaki. Ba hukuma ce ta dasa shi ba, manoma ne suka bar tohon da ya fito da kansa suka kula da shi, abin da ake kira sassaben zamani, yau suna samun itacen girki da abincin dabbobi da taki a gona guda. Mu kuwa kowace ranar 3 ga Agusta sai mu taru mu dasa ƴan itatuwa, awaki su cinye kafin kaka, alhali muna tone wanda saiwarsa ta shekara da shekaru tana neman ruwa a tsakanin duwatsu.

Abin yi ba shi da wuya. Lokacin sassabe, a bar rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a sare sauran a kai gida. A jera duwatsu a gicciye da gangare. Inda ƙasa ta zama fako, a haƙa ramuka masu siffar rabin wata a zuba taki. Iyayenmu mata, a gina murhun laka mai tsimin itace.

Ranku ya daɗe masu gari, sauran aikin yana hannunku: ku tara dattawa da matasa ku haramta diga a kan tudu, wanda aka gani da kututture a amalanke a kira shi a gaban jama'a, ko ɗan wane ne. Wanda yake so a auna masa layin da zai jera duwatsu, ya neme mu tun da rani, domin da zarar ruwan farko ya sauka kowa shuka zai sa a gaba.