Ma'anar "tocilar bindiga": ba kowace tocila ce ke zama a jikin bindiga ba

Idan masu harkar makamai suka ce "tocilar bindiga", suna nufin fitilar da aka kafa a jikin bindiga, ta yadda duk inda bakin bindigar ya duba, nan hasken zai sauka. Wata tun daga masana'anta don haka aka ƙera ta. Wata kuwa tocilar hannu ce kawai, irin wadda ake sakawa a aljihu, aka samo mata mariƙi aka ɗaure ta a doguwar bindiga ko a bindigar farauta mai watsa harsashi. A kan wannan ta biyun ne aka fi yawan tambaya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A watan Mayun 1980, lokacin da dakarun musamman na Birtaniya suka kutsa ofishin jakadancin Iran da ke Landan don ceto mutanen da aka yi garkuwa da su, an ga manyan tociloli ɗaure a saman bindigoginsu ƙirar MP5. Dalilinsu shi ne dalilin kowa har yau: doguwar bindiga hannu biyu take ci, babu hannu na uku da zai riƙe fitila. Daga baya kamfanoni irin su SureFire da Streamlight suka mayar da abin sana'a.

Mariƙin shi ne rabin maganar. Yawancin bindigogin zamani suna da wani dogon ƙarfe mai haƙora a jikinsu, wanda ake kira Picatinny, sunan wata cibiyar makaman sojan Amurka da ke jihar New Jersey. A 1995 aka amince da ma'auninsa. Akwai kuma tsarin ramuka mai suna M-LOK, wanda kamfanin Magpul ya fito da shi a 2014. Tocilolin hannu da yawa kaurinsu inci 1 ne, wato milimita 25.4, shi ya sa ake sayar da zoben ƙarfe mai wannan faɗin, ya rungumi tocilar ta wani gefe, ya ciji haƙoran ta ɗaya gefen. Tsohuwar bindigar da ba ta da haƙora, sai a nemi maƙalin da ke kama bututun da harsasai ke kwana a ciki, a ƙarƙashin hanci. Ɗaure tocila a hancin doguwar bindiga kai tsaye yakan karkatar da inda harsashi ke sauka. Ɗaurin salatif ko roba kuwa, harbi biyu ko uku ya isa ya nuna maka iyakarsa.

Abin da ke raba tocilar bindiga da ta aljihu shi ne tokari, wato naushin da bindiga ke yi baya idan ta tashi. Buɗe murfin gindin tocilar hannu ka leƙa. Za ka ga sifirin guda ɗaya a murfin, can ciki kuma wani ɗan ƙarfe ne sandararre da kan batir ke taɓawa. Da an harba, jikin tocilar ya bi bindiga ya yi baya da ƙarfi, batirin kuma nauyinsa ya sa ya daki gaba, sannan ya dawo ya danne sifirin. A wannan ɗan tsakanin da bai kai ƙiftawar ido ba, wuta ta yanke. Idan tocilar mai matakai ce, irin wadda dannawa ɗaya ke ba da haske mai ƙarfi, ta biyu mai rauni, ta uku mai walƙiya, sai ta ɗauka kai ne ka danna, ta koma wani mataki da kanta. Bayan harbi da yawa, ciro batirin ka duba kansa, za ka iske shi a lotse. Saboda haka ne ake sa wa tocilar bindiga sifirin gaba da baya, kuma galibi mataki ɗaya tak ake ba ta. A zamanin ƙwan fitila mai zare, zaren ne ke fara tsinkewa. Ƙwan LED ya rage wannan matsalar ƙwarai, amma bai hana batir rawa ba. Bindiga mai watsa harsashi ta fi tsananta wa tocila, don tokarinta ya fi nauyi.

Lambobin da ke jikin kwali ma suna ruɗar mutane. Lumen yawan hasken da ke fita ne gaba ɗaya, kandela kuwa ƙarfinsa ne a tsakiya, wanda ke nuna nisan da zai kai. Tocila mai lumen 1,000 tana iya cika ɗaki da haske ta kasa nuna abin da ke can ƙarshen fili.

Sai wurin zamanta. Idan ta yi baya da yawa, hancin bindiga zai jefa inuwa a cikin hasken, ya ɓoye wani sashe na abin da kake dubawa. Idan ta matso dab da baki, hayaƙin albarushi zai riƙa lulluɓe gilashin har hasken ya dushe, sai an goge. Kuma dole babban yatsan hannun da ke tallafe da bindigar ya iya kai wa makunni ba tare da an saki riƙo ba. Wasu kan sauya murfin gindi da mai igiya, a liƙa madannin inda yatsa ke hutawa, sai dai igiyar takan sarƙe, madannin kuma yakan kunna kansa idan an jingine bindigar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa nake ganin kalmar kanta tana buƙatar fassara. Daga ranar da tocila ta hau bindiga, ta daina zama fitila, ta zama wani sashe na makami. Duk abin da ka haska da ita, ka nuna shi da bakin bindiga: ko dabba ce, ko maƙwabci, ko yaron gida da ya fito da dare. Ƙa'idar riƙon makami ta ce kada baki ya kalli abin da ba ka da niyyar harbi, kuma yatsa ya nisanci kunama har sai an tabbatar da abin da ke gaba da abin da ke bayansa. Mutum a firgice hannayensa kan damƙe tare, mai danna makunni da hagu yana iya jan kunama da dama bai sani ba. Aikin tocilar bindiga tantancewa ne a matakin ƙarshe, a ga mene ne kafin a yanke shawara. Neman abin da ya yi motsi a duhu aikin tocilar hannu ce daban, wadda ba ta haɗe da komai. Wanda ya ɗaura tocilarsa guda ɗaya tilo a bindiga, ya hana kansa hanyar duba duhu cikin aminci.

Doka ma ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Jamus, dokar makamai ta haramta fitilar da aka tanada don haska abin harbi daga jikin bindiga, ta yadda tocilar da ba laifi a aljihu tana iya zama laifi da zarar an maƙala ta. A jihohin Amurka da dama kuwa ɗaura ta halal ne, amma dallare barewa da haske da dare don a harbe ta haramun ne, saboda dabbar kan daskare ta tsaya cak tana kallon fitilar.